Fili da Ruwa a Ƙasar Rano: Jiya da Yau

Kakanninmu na Rano, Autan Bawo, da na Kibiya ba su da taswira, amma suna da tsari. Inda aka haƙi ƙasar gini, nan yake zama kududdufi, can kuma ruwan unguwa yake gangarawa. Dagaci da mai unguwa ke yanka fili, su ne kuma ke hana a toshe kwata.

Al'amura sun sauya a shekarun 1970. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda ta raya noman rani a Kadawa. A 1978 kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi rabon na karkara.

Tun daga nan garuruwanmu suka bunƙasa. Mu mazauna birane ne kan gaba wajen sayen fuloti da cike kududdufi, ba mu bar wa bututu ko magudana hanya ba. Ranar da famfo ya iso, katangunmu za a fara rushewa. Don haka ya wajaba mu nemi a gyara taswirar filaye tun yanzu, a ware wa ruwa hanyarsa. Allah Ya yi mana jagora.