Ƙissar Yusufu da Amanar Mai Riƙe da Muƙami

Labarin Yusufu ɗan Yakubu ya iso ƙasar Hausa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta Alƙur'ani da majalisun tafsiri, wadda ta kafu a Anka da Gummi da Bukkuyum tun kafin zuwan Turawa. Ta biyu ita ce ta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar Likita Mila na mishan ɗin Zariya da abokan aikinsa. Kashin bayan labarin ɗaya ne, sai dai Littafin Farawa, wanda Yahudawa da Kirista suka yi tarayya a kansa, ya fayyace yadda aka tafiyar da aikin.

A babi na 41, Yusufu ya fassara wa Fir'auna mafarkinsa cewa shekara bakwai na yalwa za su zo, bakwai na yunwa su biyo baya. Bai tsaya ga fassara ba. Ya ba da shawara a naɗa wakilai, a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a tara a rumbunan birane. Malaman addinan nan suna koyar da cewa sanin gaibu na Allah ne, amma tanadi nauyi ne a wuyan mai mulki.

Ƙasar Zamfara ta ga abin da jinkiri ke haifarwa. A farkon 2010 likitoci suka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. An share ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, alhali maganin ba ya amfani muddin yaro yana komawa cikin ƙasa mai guba.

Gargaɗi ya zo a kan kari, kamar yadda ya zo wa Masar. Wanda zai ɗauki takarda ya kai ta inda za a sa hannu ne ya yi nawa. Ma'aikacin da fayil ke kwana a teburinsa ya kamata ya tuna cewa Yusufu ya gina rumbunansa ne tun damina tana albarka.