Sarkin da Ya Cika Rantsuwa, Ya Karya Alkawari

Ya kai mai karatu, a gabashin Tekun Gishiri, cikin ƙasar Jodan ta yau, akwai kufai na wata kagara a bisa tudu mai suna Makairus. A can ne aka fille kan Yahaya Maibaftisma. In ka bi sawun abin da ya jawo mutuwarsa, za ka tarar da maganar saki da sake aure.

Sa'ad da Hirudus Babba ya mutu a shekara ta 4 kafin haihuwar Almasihu bisa ga ƙirgen da muke bi, aka rarraba mulkinsa ga 'ya'yansa. Ɗaya daga cikinsu, Hirudus Antifas, ya sami Galili da Firiya, wato yankin da ke hayin Kogin Urdun. Ya auri 'yar Aritas, sarkin Nabatiyawa, wanda fadarsa take a birnin Fetra. Auren ya daɗe, ya kuma zama dalilin zaman lafiya tsakanin maƙwabtan biyu.

Marubucin tarihin Yahudawa, Yusufus, ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Antifas ya kama hanyar Roma, ya sauka a gidan ɗan'uwansa da suke uba ɗaya, wanda Markus ya kira Filibus. A nan idonsa ya faɗa kan matar mai masaukinsa, Hirudiya. Ya nemi ta aure shi, ta amince, da sharaɗin ya rabu da 'yar Aritas. Matar ta ji ƙishin-ƙishin tun kafin a faɗa mata. Ta roƙi izinin zuwa Makairus, wadda take kan iyaka, daga can ta tsere zuwa gidan ubanta. Aure biyu suka mutu don a ɗaura ɗaya.

Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 18 da sura 20, ta hana mutum ya ɗauki matar ɗan'uwansa. Firistoci da malaman Attaura sun san haka sarai. Amma muryar da tarihi ya riƙe mana ita ce ta mai wa'azin jeji, mai tufar gashin raƙumi, wanda ya faɗa wa sarki cewa wannan aure bai halatta ba. Aka kama shi, aka jefa a kurkuku. Yusufus ya ce sarki ya ji tsoron kada taron da ke bin Yahaya ya tayar da tawaye. Markus kuwa ya nuna mana cikin gida: Hirudiya tana riƙe da shi a zuci, Hirudus yana jin tsoronsa domin ya san adali ne, har yakan so sauraronsa ko da maganar tana damunsa.

Ka san abin da ya faru ran bikin tunawa da haihuwar sarki. 'Yar Hirudiya ta yi rawa a gaban hakimai da shugabannin soja da manyan Galili. Sarki ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa, uwarta ta sa ta roƙi kan Yahaya. Ran sarki ya ɓaci ƙwarai, amma saboda rantsuwarsa da idon baƙinsa ya ba da umarni.

Dakata a nan ka yi tunani. Mutumin da ya warware alkawarin shekaru masu yawa da matarsa ba tare da ya ji nauyi ba, shi ne ya kasa warware maganar da ya furta a wurin shagali. Bambancin yana ga shaidu. Shaidun rantsuwar suna zaune a gabansa, yana ganin fuskokinsu, yana tsoron abin da za su faɗa gobe. Shaidan alkawarin aure kuwa ba a ganinsa da ido. Annabi Malakai ya riga ya gaya wa mazan Yahuza cewa Ubangiji da kansa ne ya tsaya shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa. Hirudus ya ji kunyar mutane, bai ji tsoron Allah ba.

Ba da daɗewa ba Yesu ya bar Galili ya zo hayin Urdun, ƙasar wannan sarki. A can Farisiyawa suka gwada shi da tambaya a kan saki, kamar yadda Matiyu sura 19 da Markus sura 10 suka nuna. A zamanin, malamai sun rabu biyu a kan fassarar dokar Musa game da takardar saki. Almajiran Shammai suka ce sai an sami rashin ɗa'a na lalata. Almajiran Hillel suka ce ko ɓata girki ya isa. Tambaya ce mai haɗari a ƙasar da aka kashe annabi saboda ita. Yesu ya mai da su ga farkon halitta, inda Allah ya mai da biyu jiki ɗaya. Ya ce taurin zuciya ne ya sa Musa ya ba da dama, kuma mai sakin matarsa ya auri wata ya yi zina. A Markus ya faɗi haka ma game da macen da ta rabu da mijinta ta auri wani, maganar da duk mai ji a ƙasar Hirudiya zai gane.

Ramin mugunta kuwa a gina shi gajere. Wajen shekara ta 36, Aritas ya yi yaƙi da Antifas, ya hallaka rundunarsa. Yusufus ya ce wasu Yahudawa sun ɗauki wannan a matsayin hukuncin Allah saboda jinin Yahaya. A shekara ta 39 Hirudiya ta zuga mijinta ya je ya nemi cikakkiyar sarauta wurin Kaisar Kaligula. Maimakon haka aka tuɓe shi, aka kore shi zuwa ƙasar Gol, inda Faransa take a yau. Ita ma ta bi shi can.

Wataƙila kai da kake karanta wannan an yashe ka ne, ko ke an sake ki ba da son ranki ba, kamar 'yar Aritas. Littafi Mai Tsarki bai manta da ku ba. Matiyu ya ambaci batun fasikanci, Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 7, ya yi magana a kan mai bi wanda abokin aurensa marar bi ya rabu da shi. Ɗariku sun sha bamban kan yadda waɗannan ayoyi suka shafi sake aure, don haka kada ka yanke shawara kai kaɗai. Ka je wurin fastonka da dattawan ikilisiya, ka faɗi gaskiya duka. Wanda kuma ya riga ya yi kuskure, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Hirudus ya sha jin gaskiya daga bakin Yahaya, abin da bai yi ba shi ne tuba.

Annabawa sun kwatanta Isra'ila da matar da ta ci amanar mijinta sa'ad da ta bi gumaka. Allah ya umarci Yusha'u ya koma ya ƙaunaci matarsa marar aminci, domin jama'a su ga irin amincinsa gare su. Zuciyar da ta saba wasa da alkawarin da ke cikin ɗakinta ba za ta sha wuyar wasa da alkawarin baftismarta ba. Saboda haka, ɗan'uwa, tambayi kanka yau: da babu idon dangi, babu idon ikilisiya, wane alkawari ne za ka ci gaba da riƙewa don Allah yana gani?

Ya Ubangiji mai cika alkawari, ka ba mu tsoronka fiye da kunyar mutane. Ka warkar da gidajen da suka tsage, ka ta'azantar da waɗanda aka yashe, ka riƙe mu da aminci har ƙarshe, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.