Layin Ajiya: Yadda Mutanen Mubi Suka Saba da Hanya Biyu

Mahaifina dillalin shanu ne a tiken Mubi, kuma ban taɓa ganin ya tura kuɗi Yola ta hannun mutum ɗaya ba. Gida biyu yake raba su. Direba ɗaya ya tashi da asuba, ɗayan sai hantsi ya dubi ludayi. Ranar da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Yaro, hanya ba ta da amana." A lokacin wayar NITEL ce kaɗai a gari, a ofisoshi da gidajen manya ƙalilan, ita ma sai ranar da ta ga dama take aiki.

Zaman kan iyaka ne ya koya mana wannan hali. Jamusawa sun riƙe garin nan tun 1903, Turawan Ingila suka karɓe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankinmu ya zaɓi Najeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Duk da haka Kamaru ba ta matsa ko'ina ba, tana nan bayan duwatsu. Ɗan kasuwar Mubi yana da naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Idan hanyar Mararraba zuwa Hong da Gombi ta ƙi, akwai ta Sahuda mai shiga Kamaru.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ta hannun MTN da Econet, Glo ya biyo a 2003, sai tsohuwar al'adar ta samu sabon gida. Da farko waya biyu mutane ke riƙewa, daga baya aka kawo mai layi biyu, irin su Tecno, kowa ya huta. Ni kuma na buɗe shagon intanet kusa da kwalejin Poli. Makunnin canja wuta daga NEPA zuwa janareta yana jikin bango daidai kaina, hannunsa har ya yi santsi saboda yawan kamawa. Modem biyu nake da su na kamfanoni daban-daban, ina ganin na gama shiri.

Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Ba a jima ba aka kashe sabis ɗin waya. Na cire layi na farko na sa na biyu, shiru. Na aro na maƙwabci, shiru. Umarni ɗaya ya kwantar da su gaba ɗaya, kuma haka muka zauna har watan Yuli. Wata ɗalibar da ke jiran a turo mata kuɗin makaranta kullum sai ta leƙo shagon ta ce, "Malam, ya dawo?" Abin da ya fitar da ni a waɗannan makonni layin Kamaru ne da wani abokin mahaifina ya ara mini. Nakan hau babur in nufi wajen Sahuda, in tsaya a kan tudu ina ɗaga waya sama har sanda ɗaya ta bayyana. A kan tudun nan na gane cewa layukana biyu, tun asali, ɗaya ne.

Abin da ya faru ranar 29 ga Oktoban 2014, da Boko Haram suka shiga garin, ba na son tsawaita shi. Da yawanmu ta duwatsu muka tsira, a ƙafa, zuwa ƙasar da muke aron sabis ɗinta.

Yanzu sana'ata haɗa wa shaguna da makarantu hanyoyin sadarwa, kuma na'urar da na fi hulɗa da ita ita ce mai raba lodi. Idan zan yi wa mai shago bayaninta, tasha nake kai shi. Ɗan kamasho yana tsaye, fasinja na zuwa, yana tura su motar da ke kan layi. Da ya ga wata ta ƙi tashi, sai ya juya mutane zuwa ta bayanta. Haka na'urar take yi da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke amsa buƙatun jama'a: tana ƙwanƙwasa wa kowacce ƙofa a kai a kai, ta ji ko tana da rai. A manhajar raba lodi ta HAProxy, in ka kunna wannan bincike ba ka canja lambobinsa ba, duk daƙiƙa 2 take tambaya. Saba ta yi shiru sau 3 a jere, an cire ta daga layi. Ta amsa sau 2 a jere, an maido ta.

Waɗannan ƙananan lambobi su ne duk sana'ar. Na taɓa matse su a wata makaranta, na ce shiru ɗaya ya isa a yanke hukunci, don ina son a ce aikina da sauri. Ranar rajistar ɗalibai sabis ya riƙa rawa, na'urar ta dinga cire saba tana maidowa, duk wanda ya kai rabin fom sai ya koma farko. Gwara a ce ta mutu ɗungurum da wannan wahala. Ɗan kamashon kirki ba ya sauke fasinja don mota ta yi tari sau ɗaya, kuma ba ya maida su cikinta don direba ya rantse ta gyaru. Sai ya ji injin ya zauna. Akwai kuma tambayar da mutane ke mantawa: motar bayan za ta ɗauke mutanen mota biyu? Sabar ajiya mara ƙarfi, da lodi ya faɗo mata, tare suke kwanciya.

Darasin 2013 ne dai nake ta maimaitawa. Kamfanoni biyu kan rataya kayansu a ƙarfen sabis guda, janareta guda ke ba su wuta. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya lokaci guda, mai POS da ke da inji uku a gabansa ya zauna yana kallon su. Shi ya sa kafin in karɓi layi a matsayin na ajiya, sai na bi sawunsa na ga ta inda ya biyo.

Duk ƙarshen wata nakan zagaya wuraren da na yi wa aiki. In kira mai wurin ya tsaya kusa da ni, in zare wayar saba ta farko da hannuna, mu zuba wa allo ido muna ƙirge. Makon jiya wani Alhaji mai shagon magani ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, kasuwa fa ake ci." Na ce masa, "Alhaji, gara mu gani yau ina tsaye." A daƙiƙa ta 7 ta biyun ta ɗauka, yaron da ke kan kanta ya ci gaba da buga rasit bai ko ɗago kai ba.