Wa Ya Koya Mana Rawa a Zango?

Ba ni da wata rana da zan nuna in ce ran nan aka fara koya mini rawa. Abin da nake tunawa shi ne dandalin unguwarmu a Zango, da kaka, bayan lisha, farin wata tar kamar rana. Mu ƙanana ba a sa mu cikin da'ira. A bayanta muke tsayawa, ƙannenmu a goye, muna tafi muna amshi. Mukan shekara a haka, ko fiye. In tafinki ya saɓa da na jama'a, yayarki ba za ta ce uffan ba, juyowa kawai za ta yi ta dube ki. Sai da na daɗe da alli a hannu na gane cewa aji ɗaya ke nan: kunne ake fara gyarawa kafin a zo kan ƙafa.

Gaɗa tana da shugaba. Zabiya ce ke ba da waƙa, ita ke nuna wadda za ta shiga fili. Akwai wasan da yarinya za ta fito ta taka, ta ba ƙawayenta baya, ta saki jiki ta faɗo, su cafe ta su cilla, ta dira daidai kan tafi. Ranar da aka fara tura ni, zabiyarmu cewa ta yi, "Ƙanwata, kar ki waiga." Iyakar darasin ke nan. Ta san ba ƙafa ke kayar da yarinya ba, rashin yarda da hannuwan da ke bayanta ne. Ashe kuma ta riga ta tsayar da manyan 'yan mata biyu daidai inda zan faɗa. Ban san da haka ba sai da na girma na yi wa wata.

Rawar maza kuwa sana'a take bi. Mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, ga 'yan hoto masu wurga galma sama su cafe, ga 'yan tauri da wuƙaƙensu. Yaro a gidan ubansa yake tarar da rawarsu, kamar yadda yake tarar da wuƙa ko masaba. Amma babban malamin kowa makaɗi ne. Kalangu magana yake yi. Ana matsa shi a hammata, muryarsa ta hau ta sauka yadda harshenmu ke yi, kuma makaɗi ya san taken kowane gida. In saurayi ya cika gaggawa sai ya ja masa kiɗan, in ya yi sanyi ya zuga shi da taken kakansa. In ya kuskure, gangar ce za ta faɗa, masu jin yarenta su kwashe da dariya, gobe ba zai sake ba. Shi kansa makaɗin a haka ya tashi, yana bin ubansa gidajen biki da ƙaramar ganga, yana riƙe bugu ɗaya tak har sai an yarda da hannunsa.

Mu mutanen Zango muna da dalilin riƙe irin wannan gado da kyau. Bayan da mutanen Malam Isiyaku suka karɓi Daura wajen 1805, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, kuma a nan danginsa suka kafa mazauni wajen 1825, suna hulɗa da Damagaram, har zuwan Turawa da aka mai da Malam Musa kan gadon Daura. Sarauta ba ta zama ba tambari, ba maroƙa. Duk tsawon shekarun nan ba a takarda aka ajiye taken sarakuna ba, a hannun makaɗa aka ajiye su, uba ya miƙa wa ɗa. Wanda ya taɓa zuwa Sallar Gani a Daura ya ji abin da hannuwan nan suka tsare.

Abin ya fara juyawa a idona. A 1976 aka buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa. A farkon 1977 aka yi FESTAC a Legas, da hawan daba a Kaduna. A shekarun nan ne rawar Koroso ta Kano ta yi suna: 'yan rawa na gwamnati, kaya iri ɗaya, kacau-kacau a ƙafa, kowa da wurin tsayuwarsa. Tana da kyau ƙwarai, ba na musu. Sai dai daga nan rawa ta samu gaba da baya. Da can da'ira ce, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. Yanzu sahu ne da ke fuskantar rumfar manyan baƙi. Dandali kuma ya yi ta mutuwa a hankali: wa'azi ya hana fitar dare, bidiyo ya zaunar da yara a ɗaki, na'ura ta kori makaɗi daga gidan biki.

Ni ma da hannuna a ciki. Wata shekara aka ba ni aikin shirya 'yan mata rawar Ranar Yara, 27 ga Mayu. Na jera su sahu uku, na ɗauki usur, ina ƙirga musu ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mako biyu muna yi, sannan aka kira wani tsohon makaɗi ya zo mu gwada da kiɗa. Ya buga, yaran suka taka abin da suka haddace, shi yana gabas suna yamma. Ya sauke kalangun ya ce, "Malama, yaran nan ba ni suke saurare ba, bakinki suke kallo." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce in ajiye usur, in bar su su yi masa tafi kwana uku. Ranar farko na ga kamar ɓata lokaci ne. A ta uku sai ga wata yarinya da na mayar sahun baya don ba ta iya ƙirga ba, ita ce ta fara jin inda kiɗan ya karya, ta karya tare da shi.

Da na yi ritaya na samu sararin karatu, sai na tarar Turawa sun yi wannan gardamar tun kafin a haife mu. A Ingila, a 1899, Cecil Sharp ya ga rawar ƙauye da ake kira Morris a Headington, kusa da Oxford, wani magini William Kimber yana yi musu kiɗa. A 1905 Mary Neal, mai kula da ƙungiyar 'yan mata masu ɗinki a Landan, ta ɗauko Kimber ɗin da kansa ya koya musu. Daga baya ita da Sharp suka ɓata. Shi yana son a rubuta kowane taku a littafi, a horar da malamai, a yi jarrabawa a ba da takardar shaida, kuma a 1911 ya kafa ƙungiyarsa a kan haka. Ita kuwa cewa take a bar 'yan ƙauye su koyar, wanda ya koya ya koya wa na kusa da shi. Sharp ne ya yi rinjaye, littattafansa kuma sun ceci raye-raye da yawa. Amma ni da usur ɗina na san abin da ke zubewa a hanyarsa.

Mutanen Hangari ne suka fi burge ni. A 1972 samarin Budapest suka buɗe abin da suke kira táncház, wato gidan rawa, sun ɗauko shi daga ƙauyukan Transilbaniya irin su Szék. Ba dandamali, ba 'yan kallo. Makaɗa na zaune suna kiɗa da hannunsu, malami yana cikin taro yana nuna taku, ana kuma komawa wurin tsofaffin ƙauye, ko a kalli finafinan da masu bincike irin György Martin suka ɗauka. A 2011 UNESCO ta sa wannan hanya cikin kyawawan dabarun raya gado. Da na karanta, dandalinmu na gani, an dai yi masa rufi.

Shi ya sa duk Alhamis da la'asar nake shimfiɗa tabarmi a tsakar gidana. Tsofaffi biyu ke zuwa, dukansu sun yi zabiya a zamaninsu, da 'yan matan maƙwabta goma sha wani abu. Makaɗi har yanzu ba mu samu ba, da ƙwarya da tafi muke yi. Makon jiya tsofaffin suka yi gardama kan wani juyi: ɗaya ta ce ta dama ake fara shi, ɗayar, wadda ta tashi a Yardaje, ta rantse ta hagu ne. Yaran suka juyo suna kallona, sun san ni ce malama. Na ce, "Yaya, ki nuna naki. Gwaggo, ke ma ki nuna naki." Har aka kira magariba ba su daidaita ba, yaran kuwa suka tafi gida da juyi biyu.