Ciwon sukari: abin da mai allurar insulin zai yi in rashin lafiya ta kama shi ko sukari ya faɗi

Duk shekara in damina ta kankama, masassarar cizon sauro da gudawa sukan yawaita a garuruwanmu. Ga mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, waɗannan ranaku su ne mafi hatsari. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce: "Tunda ban ci komi ba, yau ba zan yi allura ba." To, wannan maganar ce ke kai mutane gadon asibiti.

Me ya sa ba a dakatar da allura?

In jiki na fama da zazzaɓi, hanta takan zubo sukari cikin jini ko da ciki babu komi, shi ya sa sukari kan hau a lokacin rashin lafiya. In kuma babu insulin, sai jiki ya koma ƙona kitse, daga nan wata guba da likitoci ke kira seton ta taru cikin jini. Cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya sa mutum ya suma, musamman yara da matasa masu nau'in farko na ciwon. Saboda haka insulin mai dogon aiki ba a barin ta. Wadda ake yi lokacin abinci, da wadda aka gauraya iri biyu cikin kwalba ɗaya, ana iya rage su ko ƙara su, amma bisa ma'aunin da likita ya bayar. Ku tambaye shi tun kuna lafiya, ya rubuta muku a takarda.

Ranar da ba ku da lafiya

Ku auna sukari duk bayan awa 3 zuwa 4, har cikin dare. Ku riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa. In tuwo ko shinkafa ba su shiga, ku sha koko, kunu ko fura mai ruwa-ruwa. In akwai gudawa, ruwan gishiri da sukari na asibiti bai hana ga mai ciwon sukari ba. In na'ura ta nuna sama da 2,5 g/L (wasu na'urori 250 suke rubutawa), ku gwada fitsari da takardar gwajin seton in kuna da ita. Mai shan ƙwayar metformine tare da allura, in amai ko gudawa suka yi yawa, ya tuntuɓi likita kafin ya ci gaba da sha.

Zazzaɓi kuwa, a je CSI a yi gwajin palu, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ana allurar insulin. Dalili shi ne masassara mai tsanani da maganin kinin duk suna iya kayar da sukari.

A garzaya asibiti ba jira in aka ga ɗayan waɗannan: amai da ya hana ruwa zama a ciki, ciwon ciki mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, baki na warin ƴaƴan itace da suka nuna, yawan barci ko ruɗewa.

In sukari ya faɗi

Ana cewa sukari ya faɗi in ya sauka ƙasa da 0,70 g/L, wato 70. Yakan faru in an yi allura ba a ci abinci ba, in allura ta yi yawa, ko bayan aikin gona da doguwar tafiya. Alamunsa su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa farat ɗaya, jiri, ganin dishi-dishi da saurin fushi. Wani ma sai ya riƙa magana kamar mai maye, mutane su ɗauka iskoki ne.

Nan take a sha gram 15 na sukari: ƙwayar sukari 3 irin ta shayi, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemun kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa. In bai hau ba, a maimaita. In ya hau, a bi shi da burodi ko fura don kada ya sake faɗuwa. In babu na'ura kusa kuma alamun sun bayyana, a ba da sukarin kawai.

In mutum ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko abinci a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, kada a yi masa insulin, a kai shi asibiti mafi kusa don a sa masa ruwan sukari ta jijiya. In akwai allurar glucagon a gida kuma an koya wa wani yin ta, ya yi masa.

Zafi da azumi

Insulin da ba a buɗe ba tana zama cikin firigo tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba wurin ƙanƙara ba. Wadda aka buɗe takan yi kamar sati 4 in an kare ta daga rana da zafi. Inda babu lantarki, a sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Mai son yin azumi ya ga likita tun kafin watan ya kama. Auna sukari da yatsa bai karya azumi. In ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura 3 g/L, ko rashin lafiya ta zo, a sha ruwa nan take. Addini ya yi rangwame ga marar lafiya.

A ƙarshe, kullum a bar ƙwayar sukari 3 cikin aljihu, da ƴar takarda mai cewa kuna allurar insulin. Ku koya wa maigida ko uwargida, yara da abokan aiki waɗannan alamu, don ranar da abin ya zo su ne na kusa. Allah Ya ƙara mana lafiya.