Me Ke Sa Kyanwa Ta Riƙa Lasar Jikinta Har Gashi Ya Zube?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana cewa kyanwar da ke tsare masa shago ta kama lasar cikinta dare da rana har wurin ya yi fes ba gashi. Wai wasu sun ce masa damuwa ce. Yana tambaya, ashe dabba ma tana damuwa?

To malam, amsar takardarka sai mun koma baya tukuna. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda ake samu a arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Abin da ya haɗa ta da mutum kuwa shi ne rumbu. Da mutane suka fara noma suna ajiye hatsi sai ɓera ya zo, ita kuma ta biyo ɓera. A shekarar 2004 masu binciken tarihi na Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara wajen 9,500, an binne mutum da kyanwa a gefensa. Tsibirin nan ba shi da kyanwa tun asali, watau a jirgin ruwa aka kai ta.

A Masar ta zamanin Fir'auna ta sami gata na ban mamaki. Wani marubucin Girka, Hirodotas, ya ce idan kyanwa ta mutu a gida sai mutanen gidan su aske girarsu don makoki. Har shafe gawarta suke yi da magani su naɗe. A 1888 wani manomi a Bani Hasan ya tono ramin irin waɗannan gawarwaki, a 1890 kuma aka kai wajen 180,000 Libaful ta ƙasar Ingila aka sayar a matsayin taki. Ka ji duniya! A Musulunci ma ai ka san inda sunan Abu Huraira ya samo asali, ka kuma san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha.

Duk tsawon wannan zamani kyanwa tana yawonta ne. Kakarta ta daji ita kaɗai take farauta, tana da yankinta, ba ta son a sauya mata wuri ko wani muzuru ya shigo mata. Wannan hali har yau bai bar ta ba. Sai a 1947 wani Ba'amurke, Edward Lowe, ya fara sayar da wata ƙasa mai tsotse fitsari wadda ake zuba wa kyanwa a tire. Daga nan ajiye kyanwa cikin ɗaki ba fita ya yi ta yaɗuwa a Amurka da Turai. Likitocin dabbobi na can suka riƙa ganin kyanwoyi masu saɓaɓɓen ciki da cinya, da yawa aka ce ƙunci ne da kaɗaici. Akwai gaskiya a ciki, domin lasa tana kwantar wa kyanwa hankali. Sabuwar kyanwa a gida, ko ƙaura, ko kulle, duk suna iya sa ta wuce gona da iri.

Amma fa an yi gaggawa. A 2006 likitoci a Kanada suka binciki kyanwoyi 21 waɗanda aka ce damuwa ce ke damunsu. Sai ga shi 16 ciwon jiki ne zalla, akasari abincin da bai karɓe su ba. Guda 3 sun haɗa ciwo da damuwa. Guda 2 kacal ne damuwa kaɗai.

Saboda haka malam, fara da fata. Ka tsefe ta a kan farin ƙyalle mai danshi. In ka ga baƙin gari yana komawa ja, kashin ƙuma ne, kuma wata kyanwar cizo kaɗan ya isa ya tayar mata da ƙaiƙayi. In kuwa zuban gashin ya yi da'ira da ɓawo-ɓawo, musamman a fuska da kunne, to a yi zargin makero, shi kuwa yana kama mutane, sai a hana yara ɗaukarta.

Abin da muke roƙonka, kada ka zuba mata maganin feshin gona ko maganin kaskar kare. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya ta mutu. Farasitamol ma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ka kai ta wurin malamin dabbobi, ka gaya masa abin da take ci, da ko an sauya mata wurin kwana kwanan nan.