Tarihin Hawan Dutse a Jihar Kaduna da Kewayenta

Hawan dutse don shaƙatawa shi ne mutum ya ɗauki ƙafa ya bi tuddai da tsaunuka, ba don noma ko farauta ko neman itace ba, sai don motsa jiki, shan iska da hango ƙasa daga sama. A Jihar Kaduna wannan al'ada ba ta daɗe ba, domin da ƙyar ta kai shekara ɗari. Duwatsun da ake hawa kuwa tsofaffin gidajen mutane ne. Hanyoyin da matasa ke bi a ƙarshen mako, kakannin mutanen wurin ne suka fitar da su da tafin ƙafa, a zamanin da dutse yake mafaka, matsafa da kuma wurin ɓoye hatsi. Tarihin ya kasu zango huɗu: zamanin zama a kan dutse, zamanin saukowa, zamanin horo da yawon buɗe ido, sai zamanin yau da rashin tsaro ya taƙaita kome.

Yanayin ƙasar

Garin Kaduna yana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsawon kimanin mita 600 daga doron teku. Nan da can duwatsu ne masu sulɓi suke tasowa su kaɗai a tsakiyar fili, kamar Kufena a yammacin Zariya da duwatsun Kajuru a kudu maso gabashin Kaduna. In aka nausa kudu sosai, ƙasar takan fara tashi har ta haɗu da gefen tudun Jos. A nan duwatsun Kagoro suke, masu tsawon fiye da mita 1,200. Iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma tana karo da su ta zubar da ruwa, shi ya sa yankin Kagoro da Kafanchan ya fi Kaduna da Zariya samun ruwan sama da duhuwar itatuwa. Daga waɗannan duwatsu ne ruwan da ke faɗowa a Matsirga, kusa da Madakiya, yake gangarowa.

Ga mazaunin kudancin garin Kaduna, ƙofar wannan ƙasa ita ce tashar motar Television. Daga nan motoci ke bi ta Sabon Tasha, Mararrabar Rido, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana da Idon zuwa Kachia, sannan Zonkwa, Kafanchan da Kagoro. Kusan duk wuraren hawan dutse da aka sani a kudancin jihar suna kan wannan hanya ko a reshenta.

Zamanin da dutse yake gida

A ƙasar Hausa manyan garuruwa da dama a gindin dutse suka tsiro. Dalili a bayyane yake: dutse yana tara ruwa a gindinsa, ƙasar kewayensa tana da albarka, sau da yawa akwai tama kusa, kuma daga samansa ana hango maƙiyi tun yana nesa. A Kano an samu shaidar narka ƙarfe a kewayen Dala tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ke zaune a kan Dala yana kula da matsafar Tsumburbura, jama'a kuma su taru a gindin dutsen su jira abin da zai faɗa musu. Wato a wancan lokaci hawan dutsen ba na kowa ba ne, aikin mai tsafi ne. A ƙasar Zazzau, Turunku da Kufena su ne tsofaffin mazaunai, kuma ana danganta komawar sarauta zuwa wajen Kufena da Bakwa Turunku a wajen 1536. A Zamfara ma garin Kwatarkwashi a jikin dutsensa ya kafu, da bukukuwansa na gargajiya.

A kudancin jihar tarihin ya fi haka tsufa. A ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu a 1928, daga baya Bernard Fagg ya nuna cewa kayan wata tsohuwar wayewa ne da ta rayu a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A ƙarni na 19, lokacin da mahayan masarautun Zazzau da Jama'a suke kai hare-haren kamun bayi da karɓar haraji, al'ummomi irin su Kagoro, Atakar, Marwa da Adara sun riƙi duwatsu a matsayin ganuwa. Doki ba ya hawan dutse mai sulɓi, kuma mutum kaɗan masu kwari da baka suna iya tsare ƙuntatacciyar mashiga. Mutane suka gina ɗakuna a tsakanin manyan duwatsu, suka ajiye hatsi a koguna, suka yi kuyoyi a jikin gangara suna noman acca da dawa. Wanda ya hau waɗannan wurare a yau zai iya cin karo da ragowar wannan zama: duwatsun niƙa, fasassun tukwane da jerin duwatsun harsashin gini.

Bikin Afan na mutanen Kagoro ragowar wannan alaƙa ce. Asalinsa bikin kammala girbi ne da buɗe lokacin farauta, inda ake tsarkake duwatsu kafin mafarauta su hau. Yanzu ana yin sa ranar 1 ga Janairu a kowace shekara, kuma yana cikin manyan tarukan da ke jawo baƙi zuwa yankin.

Saukowa daga dutse

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Arewa a farkon ƙarni na 20, mutanen duwatsu na cikin waɗanda suka fi ba su wahala. Sai da aka yi ta tura sojoji zuwa Kagoro da maƙwabtanta kafin a shawo kansu. Manufar Turawa ita ce a sauko da mutane fili, inda ƙidaya da karɓar haraji da ɗaukar leburori za su yi sauƙi. Wasu da ƙarfi aka sauko da su, wasu kuma da kansu suka sauko da harin bayi ya ƙare, don ƙasar fili ta fi sauƙin noma. Zuwan 'yan mishan, waɗanda suka kafa tasha a Kwoi a 1910 da Kagoro a 1927, da isowar jirgin ƙasa Kafanchan a wajen 1927, sun jawo makaranta da asibiti da kasuwa zuwa gindin dutse. Duk da haka ba kowa ya sauko ba, har yau akwai masu zama da noma a saman duwatsun Kagoro.

A daidai wannan lokaci Kaduna take girma. An mayar da hedkwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar mai kuma a 1980. 'Ya'ya da jikokin mutanen duwatsu suka zo neman aiki, suka zauna a Kakuri, Nasarawa, Television, Unguwar Romi da Sabon Tasha. Ga waɗannan iyalai dutse bai taɓa zama baƙon abu ba. Garinsu ne, wanda ake komawa lokacin Kirsimeti, biki ko jana'iza.

Yadda hawan shaƙatawa ya shigo

A Turai ma hawan dutse don nishaɗi sabon abu ne. An fara kai wa ƙololuwar Mont Blanc a 1786, an kafa ƙungiyar masu hawan tsaunukan Alps a Landan a 1857, kuma sai da ma'aikatan masana'antun Manchester suka kutsa tudun Kinder Scout a 1932 kafin maganar 'yancin talaka na yawo a tuddai ta yi ƙarfi, har aka yi dokar gandayen shaƙatawa na ƙasa a Birtaniya a 1949. Jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan da injiniyoyin kuza sun zo Arewa da wannan ɗabi'a. Jos, saboda sanyinta, ta zama wurin hutunsu, haka ma Miango. Ƙungiyar nazarin tsirrai da namun daji da al'adu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1930, takan shirya fita zuwa daji da duwatsu. A farko abin na Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa su ne masu nuna hanya da ɗaukar kaya.

Hanyar da abin ya shiga jinin 'yan ƙasa ita ce makaranta da horo. 'Yan Sikawut suna fita zango a daji, malamai suna kai ɗalibai ganin duwatsu a darasin labarin ƙasa. A 1951 Alec Dickson ya buɗe wata cibiyar horo a gaɓar Man O' War, kusa da Victoria a Kamaru, bisa tsarin makarantun Outward Bound da aka fara a Wales a 1941. Ana tara matasa malamai, ma'aikatan En'e da 'yan sanda daga sassa daban-daban, a sa su hawan Dutsen Kamaru da aikin gayya, don su koyi juriya da shugabanci. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta raba yankin da Nijeriya, cibiyar ta dawo Nijeriya, ta zauna a Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya makarantarta ta hawan dutse ta kafu a duwatsun Shere kusa da Jos, masu tsawon kimanin mita 1,829. Daga nan ƙungiyoyin Man O' War suka bazu a makarantu da jami'o'i. Shirin bautar ƙasa da aka fara a 1973 ya ɗauki irin wannan horo da doguwar tafiyar ƙafa a sansanoninsa. A Zariya kuwa, tun bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kufena ya zama wurin fitar ɗalibai, masu nazarin duwatsu da kayan tarihi da masu neman shan iska kawai.

A shekarun 1980 wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina wani gida na dutse mai hasumiyoyi a kan tudu a Kajuru, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, bisa fasalin gidajen sarakunan Turai na da. Wannan gini, wanda ake kira Kajuru Castle, ya zama ɗaya daga cikin sanannun wuraren yawon buɗe ido a jihar, baƙi kuma sukan haɗa da hawan duwatsun kewayensa. A yammacin jihar, dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa a 1999.

Akwai kuma hawan da ba a kiransa shaƙatawa amma ƙafa ɗaya ce. Majami'u da dama suna hawa dutse don addu'a da azumi. A Kano an yi wa Dala matakala, yara da manya suna hawansa, musamman lokacin Sallah, don hango birni. Alhazai da yawa kuma hawansu na farko a Makka suke yin sa, a Dutsen Nur inda kogon Hira yake.

Yadda ake yi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, wato Oktoba zuwa Janairu. Da damina dutse yana da santsi, ga tsawa, ga ciyawa ta rufe hanya. Da bazara kuwa dutse yana ɗaukar zafi tun hantsi. Shi ya sa ake sammako, a kai sama kafin rana ta take, a sauko kafin la'asar. Kayan tafiya ba su da yawa: ruwa isasshe, takalmi mai kama ƙasa, hula, sanda da ɗan guzuri. Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne gaisuwa. Baƙo yakan fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan jagora. Shi ya san inda amyar zuma take, inda macizai ke kwana, da wuraren da al'ada ta hana baƙo takawa.

Halin da ake ciki

Daga shekarun 2010 wayar hannu da shafuka irin su Facebook da Instagram sun sa matasan Kaduna, Abuja da Jos suna haɗa kai su fita hawan dutse a ƙarshen mako, mata da maza. Sai dai wannan farfaɗowa ta zo daidai da taɓarɓarewar tsaro. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari Kajuru Castle, suka kashe mutum biyu, ciki har da wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya, suka sace wasu. Garkuwa da mutane a hanyar Kachia da dazukan Birnin Gwari da Chikun ta hana zuwa wurare da yawa. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu ba masu yawon ba ne, mutanen ƙauyukan ne da aka kora daga gonakinsu. Ban da haka, fasa dutse don tsakuwar gini, sare itatuwa don gawayi da ƙonon daji suna cinye abin da ake zuwa gani.

Asarar ba ta nishaɗi ce kaɗai ba. Tun rikicin addini na shekarar 2000 garin Kaduna ya rabu, kogi ya zama iyaka tsakanin unguwanni, har yaro ya girma a Television bai san Tudun Wada ba. Hawan dutse na cikin 'yan abubuwan da ke haɗa matasan ɓangarorin biyu a hanya ɗaya, wani ya miƙa wa wani hannu a gangara ba tare da ya tambayi addininsa ba. Kafin al'adar ta tsaya da ƙafafunta sai an samu abu uku: tsaro a hanyoyi da ƙauyuka, dokar da za ta kare tsofaffin mazaunai daga masu fasa dutse, da tsarin da zai sa kuɗin baƙi ya shiga hannun masu jagora da masu masauki na wurin. Dattawan da suka san sunan kowane kogo da kowace mashiga suna ƙarewa, rubuta abin da suka sani kuwa aiki ne da makarantu da masarautun yankin za su iya farawa tun yanzu.